Ɗaga mota kat-kat a Nijar: ɗan tarihin aikin da kalmominsa, daga Tondibiya zuwa Tenere

0. Gabatarwa

Duk wanda ya saba bin hanyoyin ƙasar Nijar ya san motar nan da ake kira kat-kat, wato mota mai ja da ƙafafunta huɗu duka. Ya kuma san cewa da yawa daga cikinsu ba su nan yadda suka fito daga kamfani: in babu kaya a kansu, sai a ga baya ya tashi sama, goshi ya duƙa, kamar ragon da ke shirin karo. Wannan aikin makanikai ne da maƙera, shi ne ake cewa ɗaga mota.

A Turai da Amurka, mai ɗaga mota galibi yana yi ne don wasan hawan duwatsu ko don ado. A cikin wannan ɗan nazari muna so mu nuna cewa a Nijar tarihin ya bi wata hanya dabam: abin da aka fara nema shi ne ƙarfin ɗaukar kaya, tsawo kuwa daga baya ya biyo. Za mu bi lamarin zamani bayan zamani, mu bayyana yadda ake aikin da abin da yake haifarwa, sa'an nan mu duba abin da kalmomin gareji suka adana na wannan tarihi.

1. Dalilin farawa daga Tondibiya

Tondibiya tana arewa maso yamma da tsakiyar birnin Yamai, a gefen hagu na kogin Isa, wajen hanyar Tilaberi. Sunan na Zabarmanci ne: tondi shi ne dutse, bi kuwa baƙi, wato baƙin dutse ke nan. Kada a haɗa ta da Tondibi ta kusa da Gawo, a ƙasar Mali, inda rundunar Maroko ta ci ta Songhai a 1591, ko da yake ma'anar sunayen ɗaya ce.

Dalilai biyu suka sa muka fara daga nan. Na farko shi ne ƙasar wurin. A wannan yanki na bakin kogi, cikin ɗan taƙi kaɗan, direba yana gamuwa da ƙasa iri uku: akwai fako da tsakuwa a kan tudu, akwai rairayin ƙoramu da ke gangarowa kogi, akwai kuma laka a fadama idan damina ta kama. Kowace da abin da take nema ga mota. Dutse yana son cikin mota ya yi nesa da ƙasa, don kada ya fasa tankin mai ko kaskon inji. Rairayi yana son mota marar nauyi da taya mai faɗin taki. Laka tana son ƙafafu huɗu su ja tare. Babu gyara ɗaya da ke biyan buƙatun nan uku gaba ɗaya, kuma wannan shi ne tushen matsalar da za mu bi.

Dalili na biyu shi ne sansanin soja. A Tondibiya ne ake horar da sabbin sojojin Nijar, rundunar da aka kafa a 1961. Saurayin da ya gama horo a nan, ko Difa aka tura shi, ko Tilaberi, ko Madama can kan iyakar Libiya, a bayan kat-kat zai yi yawancin tafiye-tafiyensa. Saboda haka tambayar yadda aka gyara ƙarƙashin motar ta shafi ransa kai tsaye.

2. Zamanin da kamfani ke neman dabara (1922-1960)

Da farko, masu ƙera motoci ne da kansu suka yi ta neman yadda za a ci rairayi. Daga 17 ga Disamba 1922 zuwa 7 ga Janairu 1923, motocin Citroën biyar suka ƙetare Sahara daga Tugurt, a Aljeriya, zuwa Tumbutu. Waɗannan motoci suna da taya a gaba, a baya kuwa wata ɗamarar roba ce ke juyawa a kan ƙananan ƙafafu, dabarar injiniya Adolphe Kégresse. A ranar 28 ga Oktoba 1924 wasu takwas irinsu suka tashi daga Kolom-Beshar a ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, suka faɗo kogin Isa a Burem, suka biyo gaɓarsa har Yamai, daga nan suka wuce Damagaram da tafkin Cadi. A lokacin Damagaram ce babban birnin ƙasar. Sai a 1926 aka maido da mulki Yamai. A ƙarshen shekarar 1924 ɗin dai, ayarin Gaston Gradis ya ratso Yamai zuwa Dahome da motocin Renault masu ƙafa shida.

Abin lura a nan shi ne, babu ɗaya daga cikin dabarun nan biyu da ta nemi tsawo. Dukansu faɗin taki suka nema, wato a raba nauyin mota a kan fili mai yawa don kada ta nutse, kamar yadda tafin raƙumi yake bajewa in ya taka. A shekarun 1930 aka fara jigilar fasinja a kai a kai ta hanyar Hoggar, daga Aljeriya zuwa Tamanraset, Agadas, Damagaram har Kano. Zamanin ya kai ƙarshensa da tafiyar kamfanin Berliet, wanda daga Nuwamba 1959 zuwa Janairu 1960 ya ratsa Tenere da manyan motoci tara masu ja da ƙafa shida. A duk waɗannan tafiye-tafiye, kamfani ne ke zana mota, shi ke aiko makanikansa, shi ke ɗauko kayan gyara. Ɗan ƙasa jagora ne ko mai tura mota in ta kafe.

3. Zamanin lam

Lamarin ya sake lokacin da ƙananan kat-kat suka shigo hannun gwamnati da ƴan kasuwa. Land Rover ta fara fitowa a Ingila a 1948, ita ce kuma motar kumandan da likita da jandarma a shekarun farko na mulkin kai. Toyota ta fitar da Land Cruiser samfurin 40 a 1960, samfurin 70 a 1984, Hilux mai ja da ƙafa huɗu kuwa a 1979. A gefensu akwai Peugeot 404 da 504 masu buɗaɗɗen baya, waɗanda ake kira bashe a Nijar, akori-kura a Nijeriya. Su ba kat-kat ba ne, amma sun yi aikin daji fiye da yadda masu ƙera su suka yi zato. Kamfanin Peugeot ya buɗe masana'antar harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, abin da ya sa kayan gyaransu suka wadata a kasuwannin kan iyaka.

Waɗannan motocin kaya sun yi tarayya a abu ɗaya: a kan lam bayansu yake zaune. Lam shi ne jerin faifayen ƙarfe masu tsawo, lanƙwasassu kamar baka, an jera su babba a kan ƙarami, an ɗaure su a tsakiya da ƙusa ɗaya. Mafi tsawonsu, uwar lam, ita ce ke da ido a kowane baki, inda ake maƙala ta ga shasi. Tsakiyar jerin kuwa ana ɗaure ta ga aksul, wanda a Yamai aka fi sani da fon. In mota ta faɗa rami, lam ya miƙe ya sake lanƙwashewa, amartisar kuma ya hana shi ci gaba da lilo.

Muhimmancin lam a tarihinmu shi ne, abu ne da maƙeri ke ganewa. Ƙarfe ne da za a iya kwancewa, a ƙara, a rage, a daka. Ana iya ciro falle daga matacciyar mota a yanke shi daidai wata. Ko ya karye a daji, akan ɗaure shi da itace da igiyar roba a lallaɓa har gari. Da wannan ne aikin daidaita mota da ƙasa ya fita daga hannun kamfani ya dawo gareji da maƙera. Falle da ya gama aiki ma ba ya zama shara: da shi maƙera ke ƙera gatari da adda da wuƙa, har da ruwan takobi a Agadas.

Abubuwa biyu suka ƙara wa sana'ar ƙarfi. Na farko, kwalta ba ta kai ko'ina ba. An fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971, aka kuma shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, amma daga Agadas zuwa Dirku da Bilma sai rairayi. Na biyu, a watan Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi: faran ɗaya na Faransa da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Sabon kayan gyara ya yi tsada ƙwarai, masu motoci suka ƙara dogara ga tsofaffin ƙarafa na kasuwar Katako a Yamai, da na Ƙofar Ruwa a Kano, da waɗanda ke shigowa ta Kwatano da Lome.

Su kansu kamfanonin sun bar lam sannu a hankali. Range Rover ta fito a 1970 da naɗaɗɗen ƙarfe mai kama da gammo a maimakonsa, Land Rover 110 ta bi sahu a 1983. Toyota ta sa irinsa a gaban manyan samfuran 70 a 1999, amma ta bar lam a baya, inda kaya ke zama. Wannan zaɓi yana cikin dalilan da suka sa motar ta riƙe matsayinta a Sahel.

4. Yadda ake ɗagawa da abin da ke biyo baya

Hanyoyin da aka sani huɗu ne. Ta farko, wadda ta fi yawa, ita ce ƙarin falle ɗaya ko biyu a cikin jerin lam. Ta biyu ita ce sake lanƙwasa lam da ya gaji ya miƙe, ta hanyar daka shi da guduma a kan maƙera. Wasu kan sa shi a wuta don aikin ya yi sauƙi, sai dai wuta tana kashe taurin ƙarfen, ba a jimawa ya sake kwantawa ko ya karye. Ta uku ita ce tsawaita ƙarafan nan biyu da ke rataye bakin lam ga shasi. Ta huɗu ita ce cusa wani dunƙulen ƙarfe tsakanin lam da aksul, wadda ba ta ɗaga mota sai in lam ɗin a bisa aksul yake. Mai hali kuwa yakan sayi jerin lam da amartisar da aka ƙera musamman, waɗanda galibi ke ƙara kimanin santimita 5.

A nan akwai wani abu da masu motoci da yawa ba su lura da shi ba. A motar da aksul ɗinta sanda ɗaya ce daga ƙafa zuwa ƙafa, wurin da ya fi kusa da ƙasa shi ne kumburin nan na tsakiyar aksul mai kama da tulu, kuma nisansa da ƙasa santimita 20 ne da ƴan kai. Duk yadda aka ɗaga lam, tulun nan yana nan inda yake, domin a kan taya yake dogare. Jikin mota ne kawai ke tashi. In ana son tulun ya tashi sai an sa taya mafi girma, kuma ƙarin santimita 4 a faɗin da'irar taya santimita 2 kacal yake bayarwa. Amfanin ɗagawa na gaskiya shi ne goshi da gindin mota ba sa dukan gaɓar ƙorama, ciki ba ya zama a kan ƙoƙuwar tudu, kuma mota mai kaya ba ta durƙushewa.

Kowane ƙari da kuɗinsa. In jiki ya tashi, sandar kardan da ke kai juyi daga giya zuwa aksul takan karkace fiye da ƙima, gaɓoɓinta su ci da wuri. Tiyon birki da amartisar, in ba a sake su da masu tsawo ba, sai su miƙe har su tsinke ranar da ƙafa ɗaya ta rataya a rami. Lam da ya yi tauri ba ya shanye dukan gargada, sai ya miƙa shi ga shasi, shasi ya tsage kusa da inda aka rataye lam. Mafi muni shi ne cibiyar nauyi ta hau sama. Duk wanda ya taɓa labta wa jaki mangala ya san cewa kayan da suka yi tozo ba su daɗewa ba su zame ba. Motar da aka ɗaga, aka kuma tula mata kaya har bisa, ita ce ke kifewa a gefen tudun rairayi ko a kwana. Ga kuma abin da ƙarin lam ba ya taɓawa ko kaɗan: birki da aksul da taya suna nan da ƙarfinsu na asali. Motar ta daina nuna alamar gajiya ne kawai, nauyin yana nan a kanta.

Tsofaffin direbobin Tenere sun san cewa a cikin rairayi rage iskar taya ya fi ɗaga mota amfani, domin shi ke faɗaɗa taki. Wato dabarar 1922 ce ta dawo ta wata ƙofa.

5. Gudu, yaƙi da kaya

Daga ƙarshen shekarun 1970, masu amfani iri uku suka ja aikin, kowa ta ɓangarensa.

Masu gudu su ne ƴan tseren Paris-Dakar. Na farko ya tashi daga Paris ranar 26 ga Disamba 1978, ya biyo Tamanraset, Agadas da Yamai, ya isa Dakar ranar 14 ga Janairu 1979. Range Rover ce ta zo ta ɗaya a cikin motoci. A 1983 tseren ya fara ratsa Tenere. A 2000 aka kwashe shi ta jirgin sama daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar hari, daga 2009 kuma ya bar Afirka. Motar tsere tana son ƙafa mai dogon hawa da sauka, da amartisar masu jure zafi, da jiki marar nauyi. Wannan kishiyar buƙatar ɗan kasuwa ce, shi ya sa tseren ya bar wa garejinmu sha'awa da ƴan kayan gyara fiye da dabarar aiki.

Masu yaƙi darasinsu daga Cadi ya zo. A watan Janairu 1987, a Fada, dakarun Cadi a ƙarƙashin Hassan Djamous suka fatattaki rundunar Libiya mai tankokin yaƙi, su kuwa a kan Toyota masu buɗaɗɗen baya. Suka maimaita a Wadi Dum a watan Maris. Har yau ana kiran wannan yaƙi da sunan motar. Tun daga nan kat-kat mai bindiga a baya ta zama dokin yaƙin Sahel, ga sojojin gwamnati da ƴan tawaye baki ɗaya, kamar yadda aka gani a arewacin Nijar daga 1990 zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Babbar bindiga da harsasai da ruwa da mutane nauyi ne, kuma nauyi ne da ke zaune a sama. Matsalar soja ke nan: yana buƙatar lam mai ƙarfi, yana kuma buƙatar motar da ba ta kifewa in an juya ta da gudu.

Masu kaya su ne suka fi yawa, su ne kuma suka kai aikin iyakarsa. Ƙaramar kat-kat mai buɗaɗɗen baya an yi ta ne don ɗaukar kimanin tan ɗaya. A hanyar Agadas zuwa Dirku da Libiya, an saba ganin Hilux ɗauke da mutum 25 ko fiye, ƙafafunsu na reto a waje, kowa ya riƙe sandar da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa. In muka ba kowane mutum kilo 60, kilo 1500 ke nan, ba a sa jarkokin ruwa da gangunan mai ba. Gano zinariya a Jado da Cibarakatan a 2014 ya ƙara yawan irin wannan lodi. A nan ƙarin lam ya zama sharaɗin samun riba.

A hamada kuwa mutuwar mota mutuwar mutane ce. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawawwaki 92, yawancinsu mata da yara, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A watan Yuni 2017 aka ba da labarin wasu 44 da suka mutu ta wannan hanya tsakanin Agadas da Dirku. Dokar 26 ga Mayu 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta sa an kama motoci da direbobi, waɗanda suka rage kuma suka riƙa kauce wa rijiyoyi da shingayen soja, wato suka nisanci duk inda taimako zai fito in ƙarfe ya karye. An soke dokar a watan Nuwamba 2023.

6. Abin da kalmomi suka adana

Tun 1971 Claude Gouffé ya yi nazarin kalmomin Faransanci da suka shiga Hausar Nijar, kuma gareji na cikin wuraren da aron ya fi yawa. Sunayen sassan mota sun zo mana ta ƙofa biyu. Ta kudu, daga Ingilishi ta hanyar Kano, muka sami mota, taya, direba, birki, giya, sitiyari, sifirin da shakazoba. Ta yamma, daga Faransanci ta hanyar Yamai, muka sami kamyo, bashe, kat-kat, shasi, kardan, fon, lam da amartisar. A Maraɗi da Birnin Ƙonni ana jin jerin biyu a bakin mutum ɗaya. Furucin yakan bambanta daga gareji zuwa gareji, amma ƙa'idojin ba su sakewa: sautin p yana komawa f, v yana komawa b, ana kuma raba baƙaƙen da suka haɗu da wasali. Kalmar lam a Faransanci tana nufin ruwan wuƙa ma; maƙerin da ya mai da fallen mota takobi ya haɗa ma'anonin biyu da hannunsa.

In muka koma ga aikatau, sai hoton ya juye. Ɗaga, ƙara, daka, lanƙwasa, ɗaure, kwance, sassauta, toshe, rage: duka Hausa ce tsantsa. Gaskiya ne Hausa ba ta cika aron aikatau ba, ta fi son ta ari suna ta haɗa shi da yi, kamar a yi walda. Amma abin da ya fi jan hankali shi ne inda aikatan suka fito. Wasu daga maƙera ne, kamar daka da lanƙwasa. Wasu daga ayari ne: ana labta wa mota kaya kamar yadda ake labta wa raƙumi, in sun yi mata yawa a ce ta durƙusa, in ta nutse a rairayi a ce ta kafe. Tana da ƙafa da goshi da ciki da gindi, tana shan mai, tana tashi, tana mutuwa. Ƙarfen baƙo ne, sunansa ma baƙo, amma hannun da ke sarrafa shi da idon da ke auna shi na maƙeri ne da madugu.

Akwai kuma shaida ta ƙarshe. Mai motar haya in ya je gareji, abin da ya fi faɗa shi ne a ƙara masa lam. Kalmar ɗagawa ta fi fitowa daga bakin mai kallo, wanda ya ga motar ba kaya. Mai ita ƙarfi ya saya. Tsawon da ake gani alama ce ta nauyin da yake shirin ɗorawa.

7. Kammalawa

Mun ga cewa daga 1922 zuwa 1960 kamfani ne ke daidaita mota da ƙasa, kuma faɗin taki ya nema. Da zuwan motoci masu lam aikin ya dawo hannun makanikai da maƙera, buƙatar kaya ta zama jagorarsa. Madugun da ya san raƙumi yana da ma'auni: in dabba ta ƙi tashi, sai a rage mata. Ƙarin lam ya kawar da wannan ma'auni, domin mota ba ta ƙara durƙusawa balle a san ta ƙoshi.

Saboda haka muna ganin aiki biyu na jiran sashenmu. Na farko shi ne tattara kalmomin gareji na Hausa da Zabarmanci da Tamajak, daga Yamai zuwa Agadas, tun tsofaffin masu sana'ar suna raye. Na biyu shi ne a rubuta da waɗannan kalmomi ɗan littafin koyarwa ga direbobi da yaran gareji da sabbin sojoji irin na Tondibiya, wanda zai bayyana a fili abin da ƙarin lam yake ƙarawa da abin da ba ya ƙarawa. Yawancin waɗanda ke kwance lam da waɗanda ke zama a bisansa ba da Faransanci suka koyi aikinsu ba, kuma da harshen da suka koye shi ya kamata bayanin ya same su.